A doke ka, a hana ka kuka

A Tawa, idan mutum biyu suka sami saɓani har aka tara dattawa, tun ba a buɗe baki ba kana iya nuna wanda za a ba haƙuri. Duba ka ga wane ne ƙarami, ko wace ce mace a cikinsu, ko wa ya zo da ƙafa alhali abokin rigimarsa ya zo da mota. To shi ne, ba sai ka ji abin da ya haɗa su ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da saurin cewa "yi haƙuri", muna faɗa wa wanda bai kamata a fara da shi ba, kuma muna tsallake maganar da ya kamata ta riga ta fita, wato a dubi wanda aka cuta, a gaban wanda ya cuce shi, a ce masa: an cuce ka.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake da haƙuri. Duk wanda ya tashi a Adar ya san da me iyayenmu suka rayu a kan wannan ƙasa mai duwatsu, shekarar da damina ta yi kyau da shekarar da aka share rumbu tun kafin bazara. Ba don haƙuri ba da babu garin da zai rage tsakanin Kaita da Buza. Amma haƙuri da hukuncin Allah daban, haƙuri da hannun ɗan Adam daban. Fari ba a kiransa zaure a tambaye shi dalili. Wanda ya ci gonar marayu kuwa yana da suna, yana da gida, da shi ake sahu a masallaci. Mu sai muka haɗa su biyun wuri ɗaya, har ya zama wanda ya buɗe baki a kan cutar da mutum ɗan'uwansa ya yi masa ana kallonsa a matsayin mai jayayya da ƙaddara.

Ga misalin da kowane Ba'adare ya sani, don kusan babu gidan da ba shi da ɗan cin rani. Da an gama girbi motoci ke cika, wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kwatano, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Wani yaro a unguwarmu ya yi shekaru a Abijan yana sayar da shayi da burodi a bakin titi, yana kwana a kan bencin da masu saye ke zama. Duk abin da ya tara sai ya aiko wa wansa, a kan a saya masa fili a ɗora masa ɗaki biyu, in ya dawo ya yi aure. Da ya dawo ya tarar an sayi filin, amma takardar da sunan wan, ginin ko rufi bai kai ba, wan kuwa ya ƙara aure ya sayi babur. Aka tara mutane a zauren baffansu bayan la'asar, muna zaune daga bakin ƙofa. Yaron ya zo da ƴan takardun nan da ake ba mutum in ya aika kuɗi, ya adana su cikin leda, duk sun yi laushi saboda ninki. Ya durƙusa ya ajiye su gaban baffa ya ce, "Baffa, ga su nan, a lissafa." Baffa bai buɗe ledar ba. Ya tura ta gefe da bakin sandarsa ya ce, "Mun ji, ɗana. Amma wa uba ne. Ka yi hanƙuri, abin duniya ne, wanda ya ba ka wannan shi zai ba ka wani." Kawunsu ya ƙara da cewa, "Ko don tsohuwarku ka bar maganar ga." Liman ya jawo falalar zumunci, aka shafa fatiha, aka ce su gaisa. Yaron ya miƙa hannu, kansa a ƙasa, ya ce ya yafe.

Tun daga farkon zaman har aka watse ba wanda ya juya ya ce wa wan, "Ina kuɗin?" Ba a ce ya yi laifi ba, balle a ce ya mayar da sunan ƙanensa a takardar. Dattawa suka tashi suna godiya ga Allah sun kashe wuta. Yaron ya koma Abijan kafin mako ya zagayo. Yanzu in zai aiko wa mahaifiyarsa kuɗi ta hannun abokinsa yake bi, da aka yi suna a gidan wan ko waya bai buga ba. In ka tambayi dangin za su ce maka ai an sulhunta su tuni.

Ba kalmomi muka rasa ba fa. Bahaushe ya rarrabe abin da ake yi wa mutum dalla-dalla. Mai awo da ya tauye maka tiya ya cuce ka, mai iko da ya ƙwace maka gona don ya san ba ka da inda za ka kai ƙara ya zalunce ka. Danniya daga sama take zuwa. Cin amana sai daga wanda ka saki jiki da shi, shi ya sa ya fi ciwo. Wulaƙanci kuwa ko ba a taɓa aljihunka ba ana yi maka shi: tsoho ya taso daga ƙauye tun asuba neman takardar haihuwar jikansa, yaron da bai kai ɗansa ba ya bar shi tsaye bakin taga har azahar, sannan ya ce masa "sai gobe" ko kai bai ɗaga ba. Abin da ke faruwa cikin zuciya ma da sunayensa, haushi mai tashi ya sauka, takaici mai kawo hawaye ba a yi kuka ba, ƙunci mai hana barci. In aka bar su suka kwana suka tashi ba wanda ya saurara, sai su koma riƙo, mutum ya ƙullaci ɗan'uwansa, daga nan sai gaba, wadda ake bar wa ƴaƴa kamar yadda ake bar musu gona. Mutanen da suka tanadi sunaye haka ba za a ce ba su san ciwon ba. Amma a zauren sulhu ba a bari ko ɗaya ya fito, kalma guda ake rufe su duka da ita.

Mata sun fi kowa sanin wannan. Mace ta yi yaji ta iso gida da kumburarren ido, uwar ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, ni ma haka na zauna da ubanku, aure hanƙuri ne." Uban ya ce kada ta kwana masa a gida. Miji ya aiko abokinsa biko da goro da turmin atamfa, shi ke nan magana ta ƙare, ba a kira shi an tambaye shi me ya sami idon ba. Haka rabon gado. Alƙur'ani ya yanke wa ɗiya mace rabonta, amma a garuruwa da yawa gonar tana "hannun" ƴan'uwanta maza, in an yi girbi a aika mata ƴan dammuna in an ga dama. Ranar da ta buɗe baki ta ce a ware mata nata, sai ka ji an ce ba ta da kunya, ko mijinta ke zuga ta. Ita ce za a ba haƙuri, ba mai riƙe da gonar ba.

Shi ya sa "Allah ya isa" ta zama kotun talaka. Ka saurara a tasha, a bakin asibiti, a kasuwa ranar Lahadi, za ka ji ta, wani lokaci da ƙarfi, galibi a hankali bayan mutum ya juya baya. Mai faɗinta ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya sani ba a buɗe ba, ko ya san ko ya ƙwanƙwasa ba za a buɗe ba. Kuma ka lura, azzalumin da bai ji kunyar cin haƙƙi ba yakan tashi tsaye in aka ja masa ita, ya ce an zage shi, har dattawa su koma kan wanda aka cuta su ce ya janye. An doke shi, an kuma hana shi kuka. Ni in na ji garin da "Allah ya isa" ta yi yawa a bakin mutanensa, ba na cewa imaninsu ne ya ƙaru, cewa nake sun ɗebe tsammani daga mutane.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da sunan addini ake wannan aika-aika, alhali addinin bai ce haka ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya ce ba ya son a bayyana mummunar magana, sai dai ga wanda aka zalunta. Ke nan an ba shi izinin ya faɗa. A Suratush Shura, daga aya ta 39 zuwa ta 43, an yabi waɗanda ke tsayawa su kare kansu idan zalunci ya same su, aka ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu zargi a kansa, zargi na kan masu zaluntar mutane, sannan aka ce wanda ya yi haƙuri ya yafe ya yi babban abu. Masu sulhunmu ƙarshen kaɗai suke jawowa, su bar farkon. A Suratul Hujurat inda aka yi umarni da sulhu, cewa aka yi a sulhunta da adalci, kuma in ɓangare ɗaya ya ƙetare iyaka a tsaya a kansa har ya dawo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ya yi zalunci ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi, ya ce a hana shi zaluncin. Da ya aiki Mu'azu Yaman kuwa ya gargaɗe shi da addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah. Yafiya kyauta ce, mai ita ke bayarwa. Wadda aka matsa wa mutum a gaban iyayensa ya furta don kada a ce masa marar tarbiyya, ƙwace ce ta biyu.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a tuna mana da wannan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan cikin jiharmu ta Tawa ta yau. Abin da ya tara masa jama'a, ban da karantarwa, shi ne ya ambaci cutar da ake yi wa talakawa da sunanta: harajin da ba shi da tushe, jangalin da ke cinye garken makiyayi, alƙalin da ke karɓar gaisuwa, mazan da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Bai tara manoma da makiyaya ya ce musu su yi shiru ba. Maganar nan da ake jingina masa, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, kowa na son jawo ta a kan masu mulki. Ba mu son a jawo ta a kan zaurenmu.

Wanda yake ganin wannan maganar cikin gida ce kawai, ya dubi abin da ke faruwa tsakanin manoma da makiyaya duk kaka. Shanu su shiga gona kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, su cinye wake. Manomi ya kai kuka, in mai shanun na da ƙafa a fada sai a ce masa ya yi haƙuri, ai dabba ba ta da hankali. Wata shekarar manomi ya nome burtali, ya toshe hanyar mashaya, makiyayi ya kai kuka a ce masa shi baƙo ne, ya yi haƙuri ya zagaya. Ko a kama masa dabbobi a yanka masa tarar da ta ninka ɓarnar, ya biya ya haɗiye. Kowane ɓangare yana da lissafinsa a ciki, kowa yana ganin shi ake dannewa, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. A ƙarshen Oktoban 1991 a Toda, cikin jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. A Nuwamban 2016 a Bangi, cikin gundumar Madawa, aƙalla mutum 18 suka mutu a faɗan da ya faro daga ɓarnar gona. Babu abin da zai wanke wanda ya kashe mace da yaro, kuma ba wanke shi nake ba. Amma ba a kashe mutum 18 don kadada ɗaya ta hatsi. Abin da ke fitowa a irin wannan rana tarin ƙananan ƙararraki ne da aka rufe da fatiha shekara da shekaru ba a biya kowa ba.

Akwai wata ƴar jiharmu da ta ƙi karɓar irin wannan haƙuri, kuma ina ganin ya kamata a riƙa koya wa yara labarinta. Hadijatou Mani tana da shekara 12 a 1996 aka sayar da ita jika 240 ga wani mai hali a yankin Birnin Konni, ta zama wahaya, wato macen da ake riƙewa bayan mata huɗu ba aure ba ƴanci. Ta yi shekara tara a haka. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, a 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ita matarsa ce ba za ta tafi ba. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa ɗaurin wata shida a kan ta yi aure kan aure. Da taimakon Timidria, ƙungiyar da ke yaƙi da bauta, ta kai ƙasar Nijar ƙara gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, kotun ta zauna a Yamai ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Miliyan 10 ba ta maido mata da ƙuruciyarta ba. Abin da ta samu wanda ya fi kuɗin shi ne an tsaya gaban duniya an ce abin da aka yi mata bauta ne, ba al'ada ba ce, ba ƙaddara ba ce, ba kuma aure ba ne. Yanzu da ƙasarmu ta fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, ko mutum na goyon bayan fitar ko ba ya yi, wajibi ne a tambaya wace ƙofa aka tanadar wa mai irin kukanta idan kotunan gida suka juya mata baya.

Ita kanta ƙasa ta gwada hanyoyin biyu, ta sauraren kuka da ta rufe shi. Bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, da kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun shekarar, babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, aka kira manya suka amsa tambayoyi, jama'a na saurare a rediyo. Bai gyara komai da komai ba, amma mutane sun ji an kira ciwonsu da sunansa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa, wadda muke hutun haɗin kan ƙasa dominta duk shekara, ta samu ne bayan an zauna an shimfiɗa ƙorafin ƴan tawaye ɗaya bayan ɗaya, kuma da tawaye ya sake tashi a 2007 cikin kukansu har da cewa ba a cika alkawuran da aka ɗauka ba. Sai kuma ɗaya hanyar. Ranar 9 ga Afrilun 1999 aka kashe shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin Yamai, aka ce haɗari ne, sannan aka rubuta afuwa cikin kundin tsarin mulki don kada a tuhumi kowa. Wato an ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin doka. Maganar ba ta mutu ba, sun yi ta bi har kotun CEDEAO ta ce a 2015 an tauye musu haƙƙi, a biya su diyya. In iyalin shugaban ƙasa sun sha wannan, ina ga mai shayin Abijan?

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Za a ce shari'a tana da tsawo, tana cin kuɗin mota da na aboka, wato lauya, tana raba zumunci har abada, kuma kai ƙarar ɗan'uwa gaban jandarma abin kunya ne da ba ya goguwa. Za a ce gari ƙarami ne, rijiya ɗaya ake sha, maƙabarta ɗaya, dole a zauna tare gobe. Duk haka ne. Ba cewa nake a bar zaure a koma kotu ba. Sulhun dattawa ya fi kusa da talaka, ya fi araha, da harshensa ake yi, kuma doka ma ta san da shi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da muke kira Kofo, kuma rikicin gona ko makiyaya sai ya bi ta gaban maigari ko sarki an gwada sulhu, an rubuta takardar an daidaita ko ba a daidaita ba, kafin ya kai ga alƙali. To tunda nauyin ya hau kan zaure, zauren ne ya kamata ya gyaru. Dattijon da ke tsoron ɓata wa mai ƙarfi rai, sai ya sayi zaman lafiyar yammacin nan da haƙƙin marar ƙarfi, ba zumunci ya ɗinke ba. Ya dai ɗage faɗan zuwa lokacin da ba ya nan.

Za a kuma ce ba duk mai kuka ke da gaskiya ba. Wannan ma haka ne. Akwai wanda hassada ke ci ya kira ta zalunci, maƙwabcinsa ya yi gini shi yana jin an cuce shi. Akwai wanda ya yi lalaci damina ta wuce, ya ce dangi sun yi masa wariya. Akwai kuma sabon salon da waya ta kawo, mutum ya ɗauki murya ya watsa a WhatsApp, ko ya hau Facebook da TikTok yana tonon silili, ya ambaci suna, ya zagi uwa da uba, kafin a ji ta bakin ɗayan an gama da mutuncinsa. Wannan ma zalunci ne, kuma tun da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyara a 2024 ɓata suna ta waya na iya kai mutum kaso. Sai dai ta yaya za a gane mai gaskiya da mai hassada in ba a buɗe ledar an lissafa ba? Saurin ba da haƙuri ba ya rarrabe su, kuɗin goro yake yi musu. Mai ƙarya ya tafi bai ji kunya ba, mai gaskiya ya tafi bai sami komai ba. Kuma yawancin masu kai kukansu waya sun fara kai shi zaure ne aka ce su yi shiru.

Akwai wani shinge kuma da ba a cika magana a kansa ba. Wanda ya tsallake zaure ya nufi hukuma, sai ya tarar ciwonsa dole ya sauya harshe. Takardar ƙara da Faransanci ake rubuta ta, sai ya biya mai rubutu a bakin ofis, ya faɗi abin da ke ransa na rabin sa'a a mayar masa da shi layi biyar da ba ya iya karantawa, ya dangwala yatsa. A gaban alƙali tafinta ke tsakaninsu. Matar da ta ce "ya ci amanata, ya wulaƙanta ni gaban kishiyata" ba ta san da wace kalma maganarta ta isa kunnen mai hukunci ba. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan magana za ta sauko daga takarda, wurin da ya kamata ta fara sauka shi ne teburin karɓar ƙara: a rubuta wa mutum kukansa da harshen da ya yi shi, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, a karanta masa ya ce haka na faɗa. Hukumar nan ta taimakon shari'a ga marasa ƙarfi da aka kafa a 2011 ma, amfaninta ba zai kai ƙauye ba sai an yi ta shelarta a rediyo da ranar kasuwa.

Abin da nake roƙon iyayenmu masu sulhu, limamai da masu unguwa da masu gari da baffanni, ba mai wuya ba ne, sai dai yana son ƙarfin zuciya. In aka zauna, a bar mai kuka ya kai aya, kada a tare shi da "to mun ji". In ya zo da takarda a buɗe, in ya zo da shaida a kira. A juya ga ɗayan a tambaye shi kai tsaye, ko da shi ne babba, ko da shi ya shimfiɗa tabarmar masallacin unguwa. In laifi ya tabbata, babban da ke wurin ya faɗa da bakinsa kowa ya ji: wane, ka cuci ƙanenka. Ba sai an zage shi ba, ba sai an tozarta shi ba, ana iya rage mutane a zauren saboda girmansa, amma a faɗa. Sannan shi mai laifin ne zai ce a yi haƙuri, ba dattawa su ara masa baki yana zaune yana jan carbi ba. Abin da ake iya mayarwa a mayar, fili ne a sauya suna, ɓarna ce a kai masu kimantawa daga ɓangarorin biyu su shiga gonar su gani, kuɗi ne a yanka yadda zai biya ko da kaɗan-kaɗan ne bayan kowace kaka. A sa rana, a sa shaidu, a rubuta a ba kowa kwafinsa ya tafi da shi gida. In bayan duk wannan mai haƙƙi ya ce ya bar rabi, ko ya bar duka saboda Allah da zumunci, a sa masa albarka, a kuma rubuta cewa nasa ne, shi ya bari.